Faɗuwar da Ba Ta Shiga Mujalla Ba

A garinmu labarin da ake bayarwa shi ne wai wata yarinya ta yi karatu kaɗan, kanta ya kumbura, ta je ta tona asirin ƙanen ubanta a gaban Turawa. Yarinyar ni ce, ko da yake lokacin ina da 'ya'ya uku. Na gaji da jin labarin a bakin waɗanda ba su san kansa ba, don haka bari in faɗi nawa.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba ka tafiyar kirki ba ka tarar da shingen wani ba. Mahaifina manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, da wake a tsakanin kunya. Su biyu ne maza a ɗakinsu, shi da Baffa. Da mahaifinsu ya rasu Baba ya riƙe gona, Baffa ya wuce makarantar kimiyya, daga nan jami'a, daga nan ƙasar waje. Ya dawo ya zama babban likita a birni, ya gina gida a Rijiyar Zaki. Kowa a garin ya san wanda ya noma da wanda ya ci, amma Baba bai taɓa faɗin haka ba. In ana hira aka ambaci ƙanen nasa sai ka ga ya gyara zama.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Baffa yake kirana Uwata. Shi ya kai ni makarantar koyon aikin lafiya, wannan ba zan ɓoye ba. Da na gama aka ajiye ni a ɗan asibitin garinmu, ɗaki uku da baranda, ina awon ciki, ina rigakafi, ina ba da maganin zazzaɓi.

Wata shekara bayan an gama girbi Baffa ya zo da farar mota da mutane biyu, aka tara dattawa a ƙofar gidan mai gari. Ya ce hawan jini ya yi yawa a cikin manoma, yana shanye wa mutane ɓarin jiki, kuma abin da ke hana maganin aiki shi ne ƙwayoyi biyu ko uku ake ba mutum, ya sha wannan ya manta wancan. Yanzu an haɗa su a ƙwaya ɗaya, ana so a gwada. Za a raba masu hawan jini gida biyu da ƙuri'a, wasu su sha sabuwar, wasu su ci gaba da tsohon magani, a bi su shekara guda cur, daga wannan kaka zuwa wata, a ga wanne ya fi. Ƙauyuka da dama ne a ciki, namu ɗaya ne daga cikinsu. Aikina shi ne in auna jini, in ba da magani, in rubuta duk ƙorafin da mutum ya kawo.

“Komai ƙanƙantarsa, Uwata,” in ji shi. “Ko tuntuɓe mutum ya yi, ki rubuta. Bincike ba ya son ɓoye-ɓoye.”

Baba yana da hawan jini tun tuni, yana shan tsohon magani in ya tuna. Bai so shiga ba. Ya ce shi ba zomo ba ne da za a yi gwaji a kansa. Ni na matsa masa. Na ce, “Baba, in yayan likita bai shiga ba, wa zai shiga?” Ya miƙo babban yatsa na dangwala masa a takarda. Ƙuri'a ta ba shi sabuwar ƙwaya.

Watannin farko lokacin sanyi ne, babu aikin gona. Jinin mutane ya sauka yadda ban taɓa gani ba. Ina aunawa ina murna, ina buga wa Baffa waya ina gaya masa. Sai bazara ta shigo, aka fara sharar gona da kai taki, ruwa ya sauka aka yi shuka, aka shiga noman firi, wato noman farko. A nan ƙorafi ya fara. Manomi yini yake a sunkuye da fartanya cikin rana, gumi na zuba. Masu sabuwar ƙwaya suka riƙa zuwa suna cewa in sun ɗago sai jiri ya ɗebe su. Wani ya ce sai da ya zauna a kan kunya ya dafe kai. Wata tsohuwa ta sume a bakin rijiya, Allah ya sa ba ciki ta faɗa ba. Na rubuta duka. Na kira Baffa, ya ce zafi ne, a riƙa shan ruwa da yawa.

Baba ma ya faɗa mini. Ba ya kiran sunana, ni ce 'yar fari. Ya ce, “Ke, ƙwayar nan taku, in na ɗago daga sunkuyo sai in ga gari ya yi duhu.”

Na ce, “Zafi ne, Baba. Baffa ya ce a sha ruwa. Kada ka daina.”

Wasu sun daina a ɓoye, daga baya suka gaya mini. Baba bai daina ba, saboda 'yarsa ce ta ce kada ya daina, kuma ƙanensa ne ya kawo.

A gefen gonarmu akwai rami inda ake haƙar ƙasar gini. Wata safiya da hantsi ya kai ƙarshen kunya, ya ɗago, bai san abin da ya faru ba sai a ƙasan ramin. A amalanke aka kawo mini shi asibiti, ƙafarsa ta hagu ta juya waje. Kwatangwalo ne ya karye. Baffa ya aiko da mota a ranar, aka yi masa tiyata a birni, ya tsaya a kan komai, ba a bar mu mun sayi ko allura ba. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Amma Baba bai sake riƙe fartanya ba. Da sanda yake tafiya, daga zaure zuwa masallaci, daga masallaci zuwa zaure.

Akwai fom na musamman da ake cikewa in wani babban abu ya sami mai shan magani. Da hannuna na cike na Baba. Ba a sa suna, lamba ake sawa. Na rubuta ranar, na rubuta cewa ya yi kwanaki yana ƙorafin jiri, na rubuta faɗuwar da karayar. Na tura ofishin da ke tattara bayanai a birni, matar da ke shigar da su a kwamfuta ta kira ni ta sake tambayata ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta shigar.

Aka gama gwaji. Bayan kamar shekara biyu muka ji cewa sakamako ya fito a wata mujallar likitoci ta ƙasar waje. Aka yi hira da Baffa a rediyo, Baba ya kira maƙwabta suka saurara a zaure. Ni ma na ji daɗi. Ban karanta ba a lokacin, don ban san ma yadda ake samo irin wannan takarda ba.

Daga baya na koma karatu, ina shiga birni Asabar da Lahadi ina neman digiri a kan lafiyar al'umma. Wata malamarmu, mace mai kaifin baki da ba ta dariya a aji, ita ta fara gaya mana akwai abin da ake kira rijistar gwajin magunguna. Shafi ne a intanet wanda kowa zai iya buɗewa. Kafin mai bincike ya fara gwada magani a kan mutane, dole ya rubuta a can abin da zai auna da lokacin da zai auna shi, don kada in ya ga sakamako ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi. In ya gama kuma a zuba abin da aka samu, har da illolin da aka gani. Ta ce abin da ke rijista da abin da ke mujalla ya kamata su zama ɗaya, amma ba kullum suke zama ɗaya ba. Ta ba mu aiki: kowa ya zaɓi takarda ɗaya, ya nemo ta a rijista, ya jera su gefe da gefe.

Don alfahari na zaɓi ta Baffa. Ina so in tsaya a gaban aji in ce wannan a garinmu aka yi, ni na auna jinin.

A ɗakin karatu na makaranta na buga su biyun, na shimfiɗa a tebur. Rijista ta ce babban abin da za a duba shi ne yadda jini zai kasance bayan shekara guda. Sakamakon da aka zuba a can ya nuna a ƙarshen shekara bambancin ƙwayar da tsohon magani bai taka kara ya karya ba. Na san haka ne, da idona na gani. Mujalla kuwa ta ɗauki awon wata na uku, na lokacin sanyi, ta ce shi ne babban abin da aka sa gaba tun farko. Na ƙarshen shekara an ambace shi a layi ɗaya can ƙasa, kamar wanda aka tuna da shi a bakin ƙofa.

Sai na gangara wurin illoli. A rijista akwai jeri mai tsawo: jiri, suma, faɗuwa, mafi yawansu a ɓangaren sabuwar ƙwaya. A cikin masu tsanani na ga layi ɗaya, faɗuwa da karayar kwatangwalo, mutum ɗaya. Babu suna, babu gari, amma na san wane ne. Na koma mujalla ina bin ta da yatsa daga farko har ƙarshe, sau uku. Jimla ɗaya ce tak a kan illoli, cewa mutane sun karɓi maganin lafiya kuma ba a ga wata illa mai tsanani da ke da alaƙa da shi ba.

Ban shiga aji na gaba ba. Na hau adaidaita sahu zuwa Rijiyar Zaki da takardun a jaka.

Na same shi a falo bayan la'asar, yana shan shayi. Ya yi murna da ganina, ya tambayi Baba, ya tambayi yara. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ajiye takardun a kan ɗan teburin da ke gabansa, na ce akwai abin da ban gane ba. Har ga Allah a lokacin ina fata ya nuna mini inda na yi kuskure.

Ya sa tabarau ya duba, bai daɗe ba ya cire. Ya ce, “Wa ya sa ki wannan?”

Na ce aikin makaranta ne.

“To ki canza takarda. Akwai dubu.”

“Baffa, ina faɗuwar Baba?”

Ya ce mujalla tana ƙayyade yawan kalmomi, ba komai ake zubawa ba. Ya ce manomi ya faɗi a rami cikin zafin rana, wa zai rantse cewa magani ne ya kayar da shi? Ya ce awon ƙarshen shekara ya lalace saboda mutanenmu ba sa jin magana, wasu sun daina sha, wasu sun tafi cirani, na wata uku shi ne mai tsabta.

Na ce, “Sun daina sha ne saboda jiri. Ni suka gaya wa. Na rubuta.”

“Kin rubuta, an shigar, yana rijista. Me aka ɓoye? Ke ma ai a can kika gani.”

“Likitoci mujalla suke karantawa, Baffa. Ni ma ba don an tilasta mini ba da ban taɓa buɗe rijistar ba.”

A nan fuskarsa ta canza. Ya ajiye kofin. Ya ce in saurare shi da kyau: shi ya ga mutum nawa hawan jini ya kwantar, suna fitsari a shimfiɗa, ni ban ga komai ba. Mutanenmu jita-jita ɗaya ta isa ta sa su guje wa magani shekara goma. In na tayar da wannan magana, duk wanda ya daina shan magani jikinsa ya shanye, alhakinsa a wuyana. Sannan ya ce, “Awon jini aka ɗauke ki, ba fassarar sakamako ba. Kowa ya tsaya a matsayinsa.”

Bai ce Uwata ba, daga ranar bai sake cewa ba. Na tattara takarduna. Matarsa ta biyo ni da abinci a kwano, na ce na ƙoshi.

Kafin in isa gida ya riga ni da waya. Na tarar da Baba a zaure, sandarsa a jingine, fuska a ɗaure. Ya ce, “Me ya kai ki gidan ƙanena da tuhuma?”

Na zauna na yi masa bayani da Hausa, a hankali, yadda zai gane. Na ce kamar mutum ne ya yi alkawari a gaban shaidu cewa za a auna amfanin gonarsa ranar girbi, sai ya je ya ba da labarin yadda shuka ta yi kyau a watan farko. Na ce kuma an rubuta wa duniya cewa babu wanda wani abu ya sama.

Ya ce, “Ƙashina ne ya karye. Ni na yafe. Ke mene ne naki?”

“Kai ka yafe naka, Baba. Wanda za a ba ƙwayar gobe fa, a ce masa ba ta da illa?”

“Allah ya rubuta zan faɗi a ramin nan tun kafin a haife ki. Ki bar maganar. Ban yarda ba.”

Inna, mahaifiyata, tana jin mu daga tsakar gida. Ita dama tun ranar amalanke ba ta sake sakin fuska ga Baffa ba. Da na shiga ta ce, “Shekara ashirin yana noma wa mutumin nan, ƙarshe ko a takarda bai isa a ambace shi ba.” Ta ci gaba da tankaɗe.

Na bar maganar, wata biyar. Na miƙa aikin makaranta kawai. Malamar ta kira ni ofis ta ce wannan ya wuce maki, ya kamata a rubuta wa mujallar. Na ce mata mai takardar ƙanen mahaifina ne, wanda ya faɗi kuma mahaifina ne. Ta dube ni ta ce, “To ai ke kika san wanda ya faɗi. Ni layi kawai na gani.” Ba ta sake tayar mini da zancen ba.

Abin da ya karya shiruna taron bita ne da aka kira ma'aikatan ƙananan asibitoci. Wani matashin likita ya tsaya da takardar Baffa a hannu yana gaya mana za a fara kawo ƙwayar asibitocinmu, an gwada ta a kan manomanmu na nan, ba ta da wata illa, ana iya ba tsoho da tsohuwa hankali kwance. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya karanta yake faɗa. Na ɗaga hannu na ce tana sa jiri lokacin noma. Ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, mu da abin da bincike ya nuna muke aiki, ba da an ce ba.” Aka yi dariya. Ni da na auna jinin, ni ce mai an ce.

A makon na koma wurin malamar. Muka rubuta wasiƙa gajeriya, babu zagi, babu zargi. Mun ce ga abin da rijista ta ce, ga abin da takarda ta ce, muna neman a daidaita. Ta ce za ta iya sa sunanta ita kaɗai. Na ce a'a, a sa nawa. A wasiƙar ban ambaci cewa wanda ya faɗi mahaifina ne ba. Mijina, malamin firamare ne, ya karanta ya ce gaskiya ce, amma in shirya, don ba za a gode mini ba.

Mujallar ta tura wa marubutan wasiƙar tana neman amsa, da sunana a ƙasa. Ranar Juma'a Baffa ya zo garin. Bayan an sauko daga masallaci aka aiko a kira ni. Na tarar da su a zaure, shi da Baba, ƙofa a buɗe, mutane na wucewa suna rage tafiya.

Bai dube ni ba. Da Baba yake magana. Ya ce, “Yaya, ka ga abin da 'yarka ta yi mini. Ni na ɗauke ta daga tsakar gidan nan na kai ta makaranta. Ni na sa ta a aikin nan don ta samu. Yau ta rubuta wa Turawa cewa ni maƙaryaci ne. Sunan da na yi shekara talatin ina ginawa.”

Na ce, “Ban ce maƙaryaci ba, Baffa. Cewa na yi takardu biyu sun saɓa.”

Ya juyo a fusace. “Da ke nake magana? Wace ce ke? Me kika sani? Na'urar awo aka ba ki kika ɗauka kin zama likita?”

“Kai ka ce mini ko tuntuɓe ne in rubuta.”

Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce in rufe masa baki. Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofar cikin gida, ita da ba ta taɓa sa baki a maganar maza ba. Ta ce, “Likita, kafin ka tafi ka leƙa gonar yayanka. Haya aka ba da ita bana. Ka rubuta wannan ma a inda kake rubutawa.”

Baffa ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Bai yi wa kowa sallama ba. Baba ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce mini, “Kin raba ni da ɗan'uwana. Tashi ki ba ni wuri.”

Kafin magariba labari ya gama gari, kuma ba irin wanda ya faru ba. Aka ce na kai ƙarar Baffa ƙasar waje za a ƙwace masa takardar aiki. Aka ce an biya ni. Matan da nake yi wa awon ciki suka riƙa amsa gaisuwata da ƙyar. Har tsohuwar da ta sume a bakin rijiya ta tare ni a hanya ta ce abin da na yi ba tarbiyya ba ce, mutum ba ya tsone idon danginsa. Na ce mata, “Iya, sumanki ma an share shi.” Ta ce ita ba ta aike ni ba.

Gyaran ya fito bayan wata da watanni. Ɗan sakin layi ne a shafin baya, da ƙananan haruffa. Marubutan sun ce bisa kuskure jerin illoli bai shiga ba, ga shi an haɗa, kuma awon ƙarshen shekara shi ne wanda aka yi wa rijista tun farko. Shi ke nan. Ba a ƙwace wa kowa komai ba. Baffa yana nan a kujerarsa, an ma ƙara masa girma. Ba a yi hira a rediyo a kan gyaran ba, kuma na tabbata yawancin waɗanda suka karanta takardar farko ba su san an yi shi ba.

Ni kuwa ba a daɗe ba takardar canjin wurin aiki ta zo, aka mayar da ni wani ƙauye a ƙasar Kunci, inda mota ba ta shiga da damina sai babur. Ba ni da shaidar cewa da hannunsa, don haka ba zan ce da hannunsa ba. Na dai san ban nema ba, kuma ni kaɗai aka ɗauke.

Ƙwayar ta iso asibitin da nake a cikin kwali. Ina bayar da ita, don ban taɓa cewa guba ce ba, akwai waɗanda take yi wa amfani sosai. Amma sai na tambayi mutum ko yana noma da kansa, sai na auna shi a zaune na sake auna shi a tsaye, in damina ta kusa in gaya masa abin da zai iya ji da abin da zai yi in ya ji. Wannan kawai aka hana mu sani, kuma bai fi maganar minti biyu ba. Da na san wannan a lokacin da Baba ya ce gari yana yi masa duhu, da ban ce masa zafi ne ba. Daga Baffa na ji kalmar, amma da bakina na faɗa wa Baba ita, kuma ita ce ban yafe wa kaina ba. Baffa ma ban yafe masa ba. An ce in yi haƙuri, babba ne. Ban ga inda girma ya hana mutum cewa na yi kuskure da bakinsa ba, maimakon ya bar wa ƙananan haruffa.

Baba ya yi shekara guda ba ya cin abin da na kawo. In na zo hutu na gaishe shi sai ya amsa da kalma ɗaya. Tun bayan tiyata ya koma tsohon maganinsa, kuma a da ni nake auna shi duk wata, sai ya hana. Ya gwammace a ɗauke shi a babur zuwa wani gari. Baffa yana aiko masa da kaya da Sallah, yana kiransa a waya, amma bai sake taka garin ba, kuma Baba ni yake ɗora wa wannan.

A damina da ta wuce na zo gida, Inna ta ce mini kwana uku yana fama da ciwon kai, ya ƙi a kai shi ko'ina. Na shiga zaure da na'urar a jaka, ban fito da ita ba. Na gaishe shi na zauna nesa. Ana yayyafi, awaki na shigowa suna fakewa yana korarsu da sanda. Can ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo, yana kallon waje.

“Auna,” in ji shi. “Amma kada ki rubuta.”

Na auna. Ya hau sosai. Na tambaye shi yaushe rabonsa da magani, ya ce ya ƙare tun makon jiya. Na aika aka sayo, na tsaya ya sha a gabana, na ce zan dawo jibi in sake dubawa. Ya ce in gaya wa Inna ta sa a ɗaure awakin nan.